Wasannin Dabarun Yaƙi na Kwamfuta da Gwargwadon Gaskiyarsu ga Tarihi

A cikin wasannin da a ke yi da kwamfuta akwai wani iri wanda ya kamata malamin tarihi ya san da zamansa, ko da shi kansa bai taɓa sa hannu a ciki ba, gama akwai samari masu yawa a duniya waɗanda a nan suka fara jin sunan Normandi da Stalingrad tun ba su buɗe littafi ba. Shi ne wasan dabarun yaƙi na nan-take. A cikinsa mai wasa ya kan zama shugaban runduna, yana duban fagen fama daga bisa, yana tura dakaru da igwa da tankoki inda ya ga dama. An ce da shi na nan-take domin ba a jiran juna kamar yadda a ke yi a dara, inda wannan zai ɗora sa'an nan wancan ya ɗora. Agogo na tafiya, abokin gaba na motsi, wanda ya tsaya dogon tunani sai ya tarar an ci shi. Masu ƙera waɗansu daga cikin wasannin nan suna da'awar cewa abin da suka nuna ya yi daidai da yadda aka yi yaƙin. Nufin wannan takarda shi ne a auna da'awar nan.

Asalin Abin

Tushen wasan ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1812 wani mutumin Furusiya, von Reisswitz, ya nuna wa sarkinsu wani teburin wasan yaƙi da ya shirya. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara shi, ya fitar da ƙa'idodinsa a 1824, aka karɓe shi don horon hafsoshi. Sunansa Kriegsspiel, watau wasan yaƙi da Jamusanci. A kan taswira ta gaske a ke yinsa, rundunar wannan ja, ta wancan shuɗiya, kuma akwai alƙali a tsakani. Alƙalin nan shi kaɗai ya san inda kowa ya ke. Mai wasa sai ya rubuta umurninsa ya miƙa masa, shi kuwa ya lissafta lokacin da umurnin zai ɗauka kafin ya isa, ya gaya wa ko wane ɓangare abin da mutanensa za su iya gani kurum. A riƙe wannan magana ta alƙali, za mu komo kanta. Bayan Furusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai rundunonin waɗansu ƙasashe suka kwaikwayi wasan. Daga baya ya fita daga bariki ya shiga gidajen mutane: marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga ƙa'idodin wasa da 'yan sojojin dalma a 1913.

Da kwamfuta ta zo, sai ta ɗauke aikin alƙali. Wasan da ya kafa siffar na nan-take shi ne Dune II na 1992, wanda labarinsa ƙage ne: ka tara dukiya, ka gina sansani, ka fitar da mayaƙa, ka rushe na abokin gaba. Age of Empires na 1997 ya ɗauki siffar nan ya sa mata tufafin tarihi. Amma tun 1996 wani reshe dabam ya tsiro da Close Combat na kamfanin Atomic Games, wanda ya bi rundunar Amurka ta 29 daga gaɓar Omaha zuwa garin Saint-Lô a 1944. A nan babu gini, babu haƙar zinariya; mutanen da aka ba ka da su za ka yi faɗa. Daga reshen nan, ko kusa da shi, a ka sami Shogun: Total War na 2000, da Company of Heroes na 2006, da Men of War na 2009, da Steel Division: Normandy 44 na 2017.

Gaskiyar Makami

Inda wasannin nan suka fi ƙwazo shi ne wajen makamai, dalili kuwa a fili ya ke: abin da a ke iya aunawa da lamba kwamfuta ba ta wahala da shi. An san kaurin sulken gaban tankar Jamus mai suna Tiger milimita 100 ne, bakin igwarta kuma milimita 88, an kuma san igwar Sherman ta Amurka ta fari milimita 75 ce. Saboda haka wasa mai kyau zai sa harsashin Sherman ya daki gaban Tiger ya zame, sai mai wasa ya koyi zagayawa ya bugo ta ta gefe ko ta baya. Haka kuma zai koyi cewa bindiga mai jigida guda ɗaya, in ta sami wuri mai kyau, tana iya kwantar da mutum talatin a fili. Wannan ilimi ne na gaske.

Amma fa ko a nan akwai gyara. Tiger da aka ƙera duka ba su kai 1,400 ba, alhali Sherman sun kusa 50,000, duk da haka mai wasa ya fi gamuwa da Tiger bisa ga yadda sojan lokacin ya gamu da ita, domin ita ke jawo masu saye. Har wa yau rundunar Jamus ta yi aiki da dawaki fiye da miliyan biyu da rabi a yaƙin, su ke jan igwa da guzuri na yawancin dakarunta, amma da wuya ka ga doki a wasan Yaƙin Duniya na Biyu. A Company of Heroes kuma an matse tazara don kome ya shiga allo, har tankoki su kan yi faɗa kusa da juna ƙwarai, ba kamar yadda a ke harbi daga nesa a fagen gaske ba.

Gaskiyar Zuciyar Soja

A tsofaffin wasanni soja kamar dutsen dara ya ke: inda aka ajiye shi nan zai tsaya har ya mutu. Close Combat ya karya wannan al'ada. Da taimakon wani masanin halayyar ɗan Adam wanda ya ƙware a kan abin da faɗa ke yi wa zukatan mayaƙa, aka sa ko wane soja yana da nasa tsoro da gajiya da sabo. In ka umurci mutane su ƙetare fili cikin ruwan harsashi, suna iya ƙi. In sajensu ya faɗi, suna iya ruɗewa, su gudu ko su ɗaga hannu. A jerin Total War ma yawanci ba a cin yaƙi da kashe kowa da kowa, sai dai a karya zuciyar runduna ta watse, barade su bi ta da sara. Wannan ya dace da abin da masana tarihin yaƙi suka daɗe suna faɗi game da faɗan zamanin da, cewa mafi yawan kisa a kan yi shi ne bayan sahu ya karye.

Gaskiyar Shugabanci

To, a nan ne gizo ke saƙa. Clausewitz, a littafinsa na yaƙi wanda aka fara bugawa a 1832, ya nuna cewa shugaba yana aiki ne cikin duhun rashin sani, kuma ƙananan tangarɗa su kan taru su hana abu mai sauƙi yiwuwa. Wasannin suna da abin da su ke kira hazon yaƙi, watau ba ka ganin abokin gaba sai wani naka ya gan shi. Sai dai da zarar kurtu guda ya hango tanka a bakin daji, a wannan ƙiftawar ido mai wasa ya gani, umurninsa kuma ya isa ga kowa nan take.

A gwada wannan da abin da ya faru a Arnhem, a ƙasar Holan, wanda Close Combat na biyu, na 1997, ya ɗauka. Ran 17 ga Satumba 1944 aka fara sauke rundunar laima ta Ingila don ta kama gadar garin. Wayoyin iska suka ƙi aiki yadda ya kamata. Janar Urquhart ya fita da kansa neman labarin mutanensa, Jamusawa suka rutsa da shi, ya ɓuya a saman wani gida, ya yi kusan kwana biyu bai san halin da rundunarsa ke ciki ba, ita ma ba ta san inda ya ke ba. Daga cikin mutum wajen 10,000, kimanin 2,400 kaɗai suka tsallako kogi suka tsira. Mai wasa kuwa, ko ya sha kashi a Arnhem, bai taɓa rasa ganin mutanensa ba. Abin da alƙalin Reisswitz ya ke hana hafsa a 1824, kwamfuta ta ba mai wasa kyauta. Kaɗan ne suka yi ƙoƙarin mai da shi, kamar Scourge of War: Gettysburg na 2010, inda a ke iya zaɓar a ga fage daga kan dokin janar, a aika umurni ta hannun manzo wanda zai ɗauki lokaci kafin ya isa.

Abin da Aka Zaɓa da Abin da Aka Bari

Ko wane wasa yana da mahangar masu yinsa. Ƙauyukan Normandi a cikin wasa yawanci kango ne, ba mata, ba yara. Faɗan Turai ya cika kasuwa, amma sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka yi faɗa a Bama, da wuya a gan su. Sa'ad da Company of Heroes 2 ya fito a 2013, mutanen Rasha da yawa suka yi fushi bisa yadda ya nuna hafsoshinsu suna harbin nasu sojoji, har mai rarraba shi a can ya dakatar da sayarwa.

Mu ma abin ya taɓa mu. A 2021 aka ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III, da 'yan lifidi da maharban Fulani, shugabarsu Amina, babban birninsu Kano. Abin farin ciki ne ɗan Koriya ko Burazil ya ji kalmar lifidi. Amma masanin tarihin ƙasar nan zai lura an ɗauko sarauniyar Zazzau an ɗora ta bisa Kano, an kuma cuɗa ƙarnuka dabam-dabam wuri guda.

Ga Malami

Bai kyautu malami ya rena wasannin nan ba, bai kuma kyautu ya ɗauke su madadin littafi ba. Suna koyar da amfanin tudu da kwari, da haɗin dakaru da igwa, da illar gaggawa, fiye da yadda allo da alli za su iya. Hanya mafi amfani ita ce a sa ɗalibi ya yi faɗa guda a wasa, sa'an nan ya karanta labarin faɗan nan a littafi, ya rubuta abin da shi ya sani sa'ad da ya ke wasa wanda shugaban rundunar bai sani ba a ranar, da waɗanda suka kasance a wurin amma wasan bai nuna su ba. Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan tambayoyi biyu ya fara gane yadda a ke tuhumar ko wace irin shaida ta tarihi.