Yadda Ruwa Ke Cin Gada Ta Ƙarƙashi

Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana ƙetaren kogin Rima ne, a bayan garin Sakkwato. Duk mai zuwa can daga cikin birni, malami ne ko ɗalibi ko mai sayar da abinci, sai ya bi hanyar da ta ratsa fadama ta wajen ƙauyen Kwalkwalawa. A watan Satumba na shekarar 2010 aka yi ruwa mai yawa, madatsar Goronyo ta cika ta batse, kogin Rima ya yi ambaliya. Ruwan ya ci gonaki da ƙauyuka, ya kuma tafi da gadar da ta haɗa jami'ar da gari. Karatu ya tsaya. Mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale, har sai da sojoji suka shimfiɗa wata gada ta wucin gadi.

Yawancin mutane sun ɗauka nauyi ne ke karya gada. In suka ga tirela maƙare da buhunan siminti ta hau, gadar tana rawa, sai gabansu ya faɗi. Lallai lodi fiye da kima yana gajiyar da gada. Amma rawar da ake ji ba lalle ne alamar haɗari ba ce, domin da ma an gina gada ta yadda za ta ɗan motsa. Abin da ya fi kayar da gadojin koguna shi ne ruwa, kuma ɓarnarsa a wurin da ido ba ya gani take faruwa.

Ga yadda abin yake. Gada tana zaune ne a kan ginshiƙai, su kuma ginshiƙan suna kan harsashi da aka binne cikin gindin kogi. Idan ruwa mai gudu ya bugi ginshiƙi, wani sashe nasa yakan nutsa ƙasa, ya riƙa juyawa a gindin ginshiƙin yana kwashe yashi. Wanda ya taɓa tsayawa cikin rafi ya san wannan, don yakan ji yashi yana zamewa daga ƙarƙashin dugadugansa. A hankali sai rami ya samu. Da zarar ramin ya kai ƙasan harsashi, ginshiƙin ba shi da madogara. Sai ya karkace ko ya nutse, abin da ke kansa ya biyo shi.

Wani abin ban takaici shi ne ramin yakan ɓoye kansa. Idan ruwa ya fara janyewa, gudunsa ya ragu, sai yashi ya sake cike gurbin. Mai dubawa ya zo da rani ya ga ƙasa shafe, ya koma da murna. Alhali wannan sabon yashi sako-sako ne, ruwan farko na damina mai zuwa zai kwashe shi cikin sa'o'i kaɗan.

Ba ginshiƙai kaɗai ruwa ke nema ba. A fadama irin ta Rima, akan yi cikon ƙasa a ɗora titi a kai, a bar wa kogi ƙofa ɗaya ko biyu. A shekarar ruwa mai yawa ƙofar takan yi kaɗan, musamman in gungume da ciyawa da shara sun toshe ta. Ruwan sai ya taru, ya haura titi, ya fara yagar cikon daga baya. Shi ya sa wani lokaci akan ga gada tsaye lafiya lau a tsakiyar kogi, amma babu hanyar hawa kanta.

Mutane ma suna taya ruwa aiki. Masu tifa suna son ɗibar yashi kusa da gada, saboda nan ne mota ke iya sauka. Kowace tifa tana rage tudun gindin kogi, ruwa kuma yana jawo yashin da ke kewaye da ginshiƙai don ya cike wurin. An sha kokawa da haka game da gadar Tamburawa, a kan hanyar Kano zuwa Zariya. A ƙasar Fotugal kuwa abin ya kai ga asarar rayuka. A daren 4 ga Maris na 2001, wata gada da ta haura shekara 100 a kan kogin Douro ta rufta da bas ɗaya da ƙananan motoci uku, mutum 59 suka mutu. Bincike ya nuna cewa shekarun da aka yi ana haƙar yashi a kogin suna cikin abin da ya tone ginshiƙinta.

Maganin sananne ne ga injiniyoyi. Akan kafa dogayen turakun kankare da rodi, a kai su zurfin da zaizaya ba za ta cim musu ba. Akan jibge manyan duwatsu a gindin ginshiƙai, ko a ɗaure su cikin ragar waya. Sai kuma awo: a auna zurfin kogi a gefen kowane ginshiƙi kafin damina da lokacin da ruwa ya cika, a rubuta, a gwada da na bara. Wannan awon bai kai gina gada tsada ba ko kusa, amma shi aka fi sakaci da shi, wataƙila don ba aikin da ake yi wa bikin buɗewa ba ne.

Akwai alamun da direba ko mai tafiya a ƙasa zai iya lura da su. Mota takan yi tsalle a daidai inda titi ya haɗu da gada, saboda cikon ya zauna. Ƙarfen gefen gada, wanda da yake miƙe sambal, yakan lanƙwashe a wuri guda. Da rani kuma, in aka leƙa ƙasa, akan ga turakun da ya kamata a ce suna binne sun fito fili, har yara suna wasa a tsakaninsu.