Me Ya Kawo Raƙumin Dawa Gonar Wake?

Manomin da ya wayi gari a yankin Kure, kusan kilomita 60 daga Yamai, ya tarar raƙumin dawa ya yi masa kaca-kaca da wake, babu mai hana shi jin haushi. Sai dai kafin ya rarumi gora, yana da kyau ya san abin da ya koro dabbar daga daji.

Na Kure su ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma. A da suna kiwo tun daga Senegal har bakin Tafkin Chadi. Farauta da faɗaɗa gonaki suka cinye su, farin shekarun 1970 da na 1984 ya zo ya ƙara wa Barno dawaki. Da aka ƙirga su a 1996, guda 49 kacal aka samu. Yanzu sun haura 600.

Abin da ke raya su shi ne ƙaura. Da damina suna kan tudu, suna cin ganyen geza da ƙayoyi. Rani na kamawa sai su gangara kwarin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa a ƙarƙashin ƙasa, inda kuma gawo yake. Shi gawo, ikon Allah, da damina yake kakkaɓe ganye, ya yi tofo lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙirare. Daga wannan ganyen raƙumin dawa ke samun abinci, har da yawancin ruwan da jikinsa ke buƙata, shi ya sa yakan daɗe bai nemi tafki ba.

To, damina ta rikice, zafi ya ƙaru, kuma mu ma ba mu bar su sun sarara ba. Masu kai itacen girki Yamai sun aske tudu, a kwari kuma ana yi wa gawo kwalkwabo don awaki. Dabbar da aka tare wa gaba da baya, ina za ta nufa in ba gonar wake da lambun mangwaro ba? A 2018 sai da aka ɗauki takwas a mota zuwa gandun dajin Gadabeji na jihar Maraɗi, gudun kada masifa guda ta shafe su gaba ɗaya.

Mai sassabe gawo ya rage rassa, kada ya ƙarar. Wanda aka yi wa ɓarna ya kai kukansa wurin ma'aikatan gandun daji, domin dokar Nijar ta haramta kashe raƙumin dawa. A kuma ja wa yara kunne kada su kusanci macen da ke tafe da ɗanta. Shurinta na iya kashe zaki.