Ƙanjamau a Gidan Yari: Maganin da Aka Baro a Gida

Daga kotun majistare ta Gyadi-Gyadi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya tafiyar ƙafa ce. A asibitin akwai cibiyar S.S. Wali, inda masu ɗauke da cutar ƙanjamau ke karɓar magani. A kotun kuwa, alƙali kan aika wanda ake tuhuma gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ya jira shari'a. Idan mai shan maganin ya faɗa hannun hukuma, sau da yawa robar maganinsa tana can gida, a ɓoye inda ko iyalinsa ba su sani ba.

Ƙwaya ɗaya ce a rana, amma ba ta son fashi. Muddin ana sha, cutar kan kwanta har a daina yaɗa ta ta hanyar jima'i. Aka tsallake makonni, sai ta farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin. A gidan yari kuwa, ga cunkoso a ɗakuna, ga tarin fuka, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu ƙanjamau, ga reza ɗaya da mutane da yawa ke aski da ita.

Binciken da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta NACA ta yi tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna kashi 2.8 cikin ɗari na fursunonin Najeriya na ɗauke da cutar, ninkin kashi 1.4 na sauran jama'a. A ɓangaren mata fursunoni kuwa kashi 6.9 ne.

A takarda hakkin fursunoni a fili yake. Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015, na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun ce a kula da lafiyar fursuna kamar ta kowa, kuma kada maganin ƙanjamau ya yanke. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne tsoron tsangwama. Wa zai faɗa wa gandiroba sirrinsa a gaban mutane? Shi ya sa ya kamata a yi wa sabon shiga gwaji cikin sirri, da yardarsa, tun ranar farko.

Fita ma tana da nata haɗarin. Wajen kashi biyu cikin uku na tsararrun Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma beli kan zo ba zato. Wanda ya fara shan magani a ciki yana bukatar takardar da za ta haɗa shi da asibiti kafin a buɗe masa ƙofa.