Idan Jirgi Ya Zaɓi Wanda Zai Kashe Da Kansa, Wa Za A Kama?

Duk wanda ya taɓa loda riɗi ko dawa daga Gadarif zuwa Gallabat, ya tsallaka 'yar gadar nan zuwa Metema ta ƙasar Habasha, ya san dokar hanya: idan mota ta buge mutum, akwai direba, akwai mai mota, akwai wanda za a zauna da shi kan maganar diyya. To, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, jirage marasa matuƙa suka shigo rayuwarmu. A Afrilun 2024 sun kai hari a garin Gadarif kansa, a Mayun 2025 kuma suka dira kan Fot Sudan.

Irin waɗannan jirage galibi mutum ne ke sarrafa su daga nesa, saboda haka akwai wanda za a nuna da yatsa. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ga haka a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba, 2023, inda jirgin soja ya hallaka aƙalla mutum 85 a wajen Mauludi. Rundunar soja ta amsa cewa nata ne, har hafsan sojojin ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri. Haƙuri ba ya tayar da mamaci, amma dai an san ƙofar da za a buga.

Abin da ke tafe shi ne makamin da ake saki ya nemo mutum ya harbe ba tare da wani ya danna komai ba. Rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ambaci Kargu-2, ƙirar Turkiyya, a yaƙin Libiya na 2020. Wa ke da laifi a nan? Kwamandan da ya sake shi, ko kamfanin da ya ƙera, ko dillalin da ya sayar? Ƙasashen da ke taro a Janeba sun amince a 2019 cewa ba a ɗora wa na'ura alhaki, yana nan wuyan ɗan'adam. Sai dai wannan ƙa'ida ce kawai, ba doka mai tilasta kowa ba. A Disambar 2023 ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar kan lamarin, amma shi ma ƙudurin bai hana ƙera makaman ba.

Mu a nan bakin iyaka ramin ya fi zurfi. Sudan ba ta cikin Kotun Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague, kuma hurumin da Kwamitin Sulhu ya ba kotun a 2005 na Darfur ne kaɗai. Ke nan idan irin wannan makami ya faɗa kan rumfa a kasuwar Gallabat, magadan mai rumfar kotunan cikin gida kawai suka rage musu, kuma sai sun fara gano wanda ya saki jirgin tukuna.