Adriano Panatta: ɗan mai gadin filin wasa da ya ci Roma, Paris da kofin Davis cikin shekara ɗaya

Duk wanda ke bin gasar tenis ta Roland-Garros a telebijin ya saba jin sunan Jannik Sinner, ɗan Italiya da ya hau matsayi na ɗaya a duniya a 2024. Amma kafin Sinner ya ci gasar Ostareliya a watan Janairu na 2024, Italiya ta yi kusan shekaru 48 ba ta ga namiji ɗan ƙasarta ya ɗaga ɗaya daga manyan kofunan tenis huɗu na duniya ba. Na ƙarshe da ya yi haka shi ne Adriano Panatta, a 1976. Kofunan da ya ci shi kaɗai a duk rayuwarsa ta wasa goma ne kacal, abin da bai kai ko kusa da na manyan zamaninsa ba. Duk da haka sunansa bai ɓace ba, sabili da abin da ya yi daga watan Mayu zuwa Disamba na shekarar nan ɗaya.

An haifi Panatta a birnin Roma ran 9 ga Yuli 1950. A lokacin, tenis wasan masu hali ne a Italiya, shi kuwa mahaifinsa mai kula da fili ne a kulob ɗin tenis na Parioli. Nan yaron ya tashi, yana ganin ƴaƴan attajirai suna buga ƙwallo, har shi ma ya ɗauki raket. A 1970, yana ɗan shekara 20, ya doke Nicola Pietrangeli a wasan ƙarshe na gasar ƙasar Italiya. Pietrangeli shi ne gwarzon ƙasar, wanda ya ci Roland-Garros a 1959 da 1960. Daga ranar aka san an yi sabon zakara.

Salon wasansa ma ya bambanta da na sauran. Filin Roma da na Paris duk jan ƙasa ne, wato garin jan bulo da aka shimfiɗa aka daddaɓe. A irin wannan fili ƙwallo na rage gudu idan ta faɗi, tana kuma tashi sama, shi ya sa yawancin ƴan wasa ke tsayawa can baya suna ta mayar da ita har abokin karawa ya yi kuskure. Panatta ba ya da wannan haƙurin. Da ya buga sai ya ruga kusa da raga ya tare ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko kuma ya ɗan sauke ta a hankali bayan raga, inda mai tsayuwa a baya ba zai cim mata ba. Wasa ne mai kasada: ranar da ya yi kyau ba mai iya masa, ranar da ya ƙi kuwa ƙaramin ɗan wasa ma na iya fitar da shi.

Kafin a gane abin da ya faru a 1976, sai an san wata ƙa'ida ta tenis. Ba agogo ke tashin wasa ba kamar a ƙwallon ƙafa. Ana tara maki a ci ƙaramin wasa, wanda ya fara cin ƙananan wasanni shida da ratar biyu ya ɗauki turmi, wanda kuma ya fi yawan turmi shi ya yi nasara. Ke nan ko da an bar mutum a baya nesa, muddin abokin karawarsa bai ci makin ƙarshe ba, da sauran magana. Wannan makin da ya rage a rufe wasa shi ne mafi nauyi a tenis.

A zagayen farko na gasar Roma a watan Mayu, Panatta ya haɗu da Kim Warwick ɗan Ostareliya. Sau 11 Warwick na kaiwa ga makin ƙarshe, sau 11 Panatta na hana shi. Ya tsallake, ya yi ta ci har wasan ƙarshe, inda ya doke Guillermo Vilas na Ajantina a gaban mutanen garinsu. Da ya isa Paris, sai ga irin wannan tarko a zagayen farko: Pavel Hutka ɗan Cekoslobakiya ya rage maki ɗaya ya kore shi gida. Panatta ya yi tsalle ya faɗi ƙasa ya tare ƙwallon, ya kuma ci wasan a turmi na biyar.

A zagayen ƴan takwas ya gamu da Björn Borg na Suwidin, wanda ke riƙe da kofin na 1974 da 1975. Panatta ya doke shi cikin turmi huɗu. Wannan ne karo na biyu, don ya taɓa fitar da shi a wannan fili a 1973. Borg ya ci Roland-Garros sau shida, kuma wasa biyu kaɗai ya taɓa faɗuwa a gasar duk rayuwarsa, dukansu a hannun Panatta. Dalili a fili yake: Borg sarkin tsayuwa a baya ne, Panatta kuwa ba ya barin ƙwallo ta daɗe tana kai da komo, yana tilasta masa ya baro inda ya fi ƙarfi. Bayan haka ya doke Amurkawa biyu, Eddie Dibbs da Harold Solomon, ya ɗaga kofin. A shekarar ya kai matsayi na 4 a duniya, mafi girma da ya taɓa kaiwa.

Aikin da ya rage ya fi wuya, kuma ba a cikin fili wuyar take ba. Italiya ta kai wasan ƙarshe na kofin Davis, gasar da ƙasashe ke karawa ƙungiya da ƙungiya, kuma za a yi wasan a Santiago, babban birnin Chile. Shekaru uku kafin nan, ran 11 ga Satumba 1973, Janar Augusto Pinochet ya kifar da zaɓaɓɓen shugaba Salvador Allende. Sojoji sun mayar da babban filin wasa na ƙasa wurin tsare dubban mutane, inda aka azabtar da wasu, aka kashe wasu. Filin tenis da za a yi wasan ƙarshen yana cikin wannan harabar. Chile ma ta kai wannan mataki ne sabili da Tarayyar Sobiyet ta ƙi karawa da ita a wasan kusa da na ƙarshe.

Muhawara ta ɓarke a Italiya. An yi zanga-zanga, masu cewa kada a je suna ganin zuwan tamkar sa wa mulkin soja albarka ne. Pietrangeli, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar, ya dage sai an je. Hujjar masu goyon bayansa ita ce idan Italiya ta ƙi, kofin zai faɗa hannun Chile ba tare da an buga ko ƙwallo ɗaya ba, Pinochet ya yi ta alfahari da shi. Ba zato ba ne, don an ga haka shekaru biyu baya: a 1974 Indiya ta ƙi karawa da Afirka ta Kudu sabili da mulkin wariyar launin fata, aka miƙa wa Afirka ta Kudu kofin hakanan.

A ƙarshe an je, cikin watan Disamba. Ranar farko Corrado Barazzutti ya doke Jaime Fillol, Panatta ya doke Patricio Cornejo. Rana ta biyu, a wasan ƴan bibbiyu, Panatta da abokinsa Paolo Bertolucci suka fito sanye da jajayen riguna, launin ƴan adawar Pinochet, don nuna ba sa tare da gwamnatin da ta karɓi baƙuncinsu. Sai a turmin ƙarshe suka koma shuɗi, launin da aka san ƙungiyoyin Italiya da shi. Sun ci wasan, gasar ta tashi 4 da 1, Italiya ta samu kofin Davis na farko a tarihinta. Har yau akwai masu ganin jar riga ba ta wanke zuwan ba, akwai kuma masu ganin hana Pinochet kofin ya fi zama a gida amfani. Tambayar na dawowa duk lokacin da aka ba ƙasar da ake zargi da danniya wata babbar gasa.

Panatta bai sake samun shekara irin wannan ba. Italiya ta koma wasan ƙarshe na kofin Davis a 1977, 1979 da 1980, duk ta sha kashi a gidan abokan karawa. A Wimbledon, inda ake wasa kan ciyawa, bai taɓa wuce zagayen ƴan takwas ba, wanda ya kai a 1979. Ya ajiye raket a 1983, daga baya ya shugabanci ƙungiyar kofin Davis ta ƙasarsa fiye da shekara goma, ya kuma shiga tseren jiragen ruwa masu inji. Italiya ba ta sake ɗaga kofin Davis ba sai 2023, da Sinner a gaba.

Ƙa'idar da ta ceci Panatta kuwa ba ta san ɗan gida ba. A wasan ƙarshe na Roland-Garros na 2025, Sinner ya kai ga makin ƙarshe sau uku a kan Carlos Alcaraz na Sifaniya. Da ya ci ko ɗaya, da ya zama namiji ɗan Italiya na farko da ya ɗaga kofin Paris tun 1976. Alcaraz ya hana shi duka ukun, ya kuma ci wasan a turmi na biyar, kamar yadda Panatta ya yi wa Hutka shekaru 49 baya.