Shirin Musamman: Wa ke riƙe da wayar intanet ɗinka?

Yau za mu leƙa cikin manhajar NetworkManager, wadda kamfanin Red Hat ya fito da ita a 2004 domin haɗa kwamfutocin Linux da intanet. Ba ita kaɗai ke aikin ba. Tana da ƙananan mataimaka da ake jona mata, waɗanda ake kira filogin.

To yaya take sanin su? A fayil ɗin saitinta akwai layi guda da ake jera sunayensu. A Debian, wani nau'in Linux, za ka ga biyu: ifupdown, sai keyfile. Rubuta sunan nan, shi ne rajistar. Jerin kuwa, shi ne zaɓin. Kamar lodin mota ne a tasha, na gaba ake fara ba. In za a ajiye sabon haɗi, sai a tambayi na farko. In bai iya ba, a wuce na biyu. Shi keyfile kuwa, ko an manta ba a rubuta shi ba, manhajar da kanta take maƙala shi a ƙarshen layi.

Ga inda abin ya ɗau hankalina. Ifupdown ba ya rubutu, karatu kawai yake yi. Tsohon fayil ɗin Debian mai suna interfaces yake dubawa, kuma a ƙarƙashin sunan ifupdown a fayil ɗin saitin manhajar akwai wani saiti, managed, da ke zuwa a kashe. A kashe fa! Ma'ana, duk katin intanet ɗin da aka ambata a tsohon fayil, NetworkManager sai ta janye hannunta. Mutum ya soka waya, 'yar fitila tana ƙyaftawa, amma allo ya ce ba a kula da wannan na'ura. Sai ka ga ya zare, ya hura, ya mayar, har ya soma zargin mai shago. Alhali waya lafiyarta lau. Masu manhajar sun yi hakan ne don kada shirye-shirye biyu su yi kokawa kan kati ɗaya. Dalili mai kyau, amma gaskiya saƙon nan bai taimaki kowa ba.

Filogin na VPN kuwa, irin su OpenVPN, nasu daban ne: ɗan fayil suke ajiyewa a wurin da manhajar ke leƙawa.

In ka ci karo da saƙon nan na ba a kula da na'ura, goge sunan katin daga tsohon fayil, ko ka kunna managed, sannan ka sake tayar da manhajar.