Rumbun SSD: Yadda Yake Aiki da Abin da Ya Kamata Malamin Hausa Ya Sani

1.0 Gabatarwa

Tun fil azal ɗan'adam yake neman inda zai ajiye abin da ya sani domin kada ya salwanta. Zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsun Birnin Kudu shaida ce a kan haka. Daga baya aka sami allo da tawada, sannan takarda, sannan kaset ɗin da manazarta suka riƙa naɗar tatsuniyoyi da waƙoƙin baka a ciki. A yau kuwa yawancin wannan ajiya ta koma cikin kwamfuta. Wannan babi zai yi bayani a kan ma'adanar da ake kira SSD, da yadda take aiki, da amfaninta, da kuma haɗarin dogaro da ita ita kaɗai.

2.0 Ma'anar Rumbun SSD

Bahaushe ya san rumbu a matsayin wurin ajiye hatsi, kuma wannan kalma aka aro aka bai wa sashen kwamfuta da ke riƙe bayanai ko da an kashe ta. Rumbun kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ne rumbun faifai, wanda a cikinsa akwai fayafai masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da kuma wani ɗan hannu da ke kai da komo a kansu yana karanta bayanai, kusan kamar yadda allura take bin faifan garmaho. Na biyu shi ne SSD, wanda za a iya kira daskararren rumbu, domin babu abin da ke motsi a cikinsa. Dangi ɗaya ne da filash da memorin waya, sai dai ya fi su sauri da inganci.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fitar da rumbun faifai na farko a shekarar 1956. Yana da fayafai 50, amma abin da yake iya ɗauka bai wuce megabait 5 ba, wato kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. A cikin shekarun 1980 wani injiniyan kamfanin Toshiba na Japan mai suna Fujio Masuoka ya ƙirƙiro ma'adanar filash, kuma nau'inta da ake kira NAND shi ne ginshiƙin SSD. A shekarar 1991 kamfanin da yanzu ake kira SanDisk ya fitar da SSD mai ɗaukar megabait 20 a kan kuɗi kusan dala 1,000. A shekarar 2011 aka fito da tsarin NVMe, wanda ya ninka saurin wannan rumbu.

4.0 Yadda Yake Aiki

A cikin SSD akwai biliyoyin ƙananan gurabu masu kama da saƙar zuma. Kowane gurbi yana riƙe ɗan cajin lantarki, kuma yawan cajin shi ne ke nuna alamar 0 ko 1 da kwamfuta take rubutu da su. Wani gurbin alama ɗaya yake ɗauka, wani biyu, wani uku, wani har huɗu. Gwargwadon yawan alamun da aka cusa a gurbi, gwargwadon arahar rumbun, amma kuma gwargwadon saurin gajiyarsa.

Misalin allo zai taimaka wajen fahimtar wannan gajiya. SSD yana rubutu shafi-shafi, amma ba ya iya goge shafi ɗaya sai dai rukunin shafuka gaba ɗaya, kamar almajirin da sai ya wanke fuskar allo duka kafin ya sake rubutu. Kowane wanki yana ɗan cin jikin gurbin. Saboda haka ne aka sanya wani ɗan ƙaramin sashe mai sarrafa rumbun, wanda yake rarraba rubutu a kan dukkan gurabun daidai wa daida, don kada wasu su lalace su bar wasu.

5.0 Ire-irensa da Saurinsu

(a) SATA: Yawanci girmansa ɗaya da rumbun faifan kwamfutar tafi-da-gidanka, don haka ana iya cire tsohon a sa shi a madadinsa. Saurinsa yana kai wa kimanin megabait 550 a daƙiƙa.

(b) NVMe: Galibi siriri ne, faɗinsa milimita 22, tsawonsa milimita 80, ana soka shi kai-tsaye a jikin babban allon kwamfuta. Saurinsa yana kai wa megabait 3,500 ko 7,000 a daƙiƙa, sababbi ma sun zarce haka.

(c) Na cibiyoyin adana bayanai: An ƙera shi don aiki dare da rana, kuma yana da wani tanadi na caji da ke ba shi damar kammala rubutu idan wuta ta ɗauke bagatatan.

Idan aka ɗauki fayil mai gigabait 10 na muryoyin da aka naɗo a fagen bincike, rumbun faifai mai saurin megabait 150 zai shafe fiye da minti ɗaya yana karanta shi, SATA zai yi a kimanin daƙiƙa 18, NVMe kuwa a kimanin daƙiƙa 3.

6.0 Muhimmancinsa a Dutse da Kewaye

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, an kafa kamfanin Galaxy a Dutse domin samar da intanet, an kuma buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. A shekarar 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Tun daga 2015 kuwa hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ke nan duk malamin da zai koyar a Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, ɗalibansa za su fuskanci kwamfuta ko sun so ko ba su so ba.

SSD ya dace da yanayin wannan yanki ta fuska uku. Da farko yana jure jijjiga, abin da ke da muhimmanci ga malamin da ke ɗaukar kwamfutarsa a kan babur ta hanyar burji. Na biyu, bai cika shan wuta ba, don haka batir yakan ɗan ƙara daɗewa a inda lantarki ba shi da tabbas. Na uku, da tsohuwar zuma ake magani: tsohuwar kwamfutar makaranta da ta yi nauyi takan farfaɗo idan aka sauya mata rumbu, ba tare da an sayi sabuwa ba.

7.0 Rauninsa

Sauri daban, dawwama daban. Cajin da ke cikin gurabun SSD yana zirarewa sannu a hankali idan aka daɗe ba a jona shi da wuta ba, kuma zafi yana gaggauta hakan. A ƙa'idar masana'antu, ana buƙatar SSD ɗin kwamfutar gida da ya cinye ƙarfin rubutunsa ya iya riƙe bayanai shekara ɗaya ne a zafin digiri 30. A Dutse kuwa zafin bazara yakan haura digiri 40. Haka nan rumbun faifai sau da yawa yakan yi ƙara kafin ya lalace, amma SSD yana iya mutuwa shiru, kuma ceto bayanai daga cikinsa abu ne mai wuya da tsada. Idan hirar da aka naɗa da wani dattijo masanin tarihin garinsu ta ɓace bayan rasuwarsa, babu mai iya maido da ita.

Don haka masana suke ba da shawarar a mallaki kwafi uku na duk wani aiki mai muhimmanci, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam, kamar rumbun intanet. Ya kamata kuma a guji cika SSD maƙil, a guji barinsa a cikin mota ko a rana, a kuma riƙa jona na ajiya da kwamfuta lokaci-lokaci.

8.0 Kammalawa

An ga cewa SSD rumbu ne na aikin yau da kullum, mai sauri da juriya, amma bai isa a damƙa masa amanar harshe da adabi shi kaɗai ba. Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana, sai dai ajiyar da ba a kula da ita ba tana iya zama asara.

9.0 Auna Fahimta

1. Kawo bambanci uku tsakanin rumbun faifai da SSD.
2. Yi amfani da misalin allo ka bayyana dalilin gajiyar SSD.
3. Tsara hanyar da za ka bi wajen adana tatsuniyoyin da ka naɗo don kundin bincikenka.
4. Shin sunan "daskararren rumbu" ya dace? Kawo hujja, ko ka ƙirƙiro wani sunan.